Shirun tukunya ba ƙarshen aiki ba ne

'Yan uwa masu karatu a nan Kudu, ku zo ku ji yadda na kusa ƙara zango guda a banza.

Da na fara mastas a fannin ƙananan halittu, sufabaiza ya ɗora ni a kan burukutu. Na ce Farfesa, ni fa ban taɓa kai shi baki ba. Ya ce aunawa zan yi, ba sha ba. Har yau abin da Baba ya sani a gida shi ne ina bincike a kan dawa. Ban dai yi ƙarya ba.

Ga yadda ake yi: a jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, in ta huce a sa yis. Yis ɗin ne ke cin sukarin ya mai da shi barasa da iska. Iskar ita ce kumfar da ake gani.

Kwana 2 da sa yis, kumfa ta kwanta. Na ce shi ke nan, an gama. Na ɗura a kwalabe 12, na toshe, na tafi hutun ƙarshen mako. Ashe sanyin esi ne ya sa yis ɗin ya yi lakwas. Aka ɗauke wuta, ɗakin gwaji ya ɗumama, ya farka ya ci gaba da aikinsa a cikin kwalba rufaffiya. Litinin na tarar 9 sun fashe. Aikin mako 6 ya bi ruwa, ga wari, ga kunya.

Sai na koma wurin Mama, wata 'yar Filato da ke dafa burukutu a bayan bariki. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗana, wa ya ce maka ana rufe shi? Kawo kunnenka."

Na kara kunne a bakin randa, sai na ji yana tsss a hankali.

"Wannan yana da rai, yanzu ake sayar da shi. In ya yi shiru gaba ɗaya, gobe tsami ne zalla, ko kyauta ba mai karɓa."

Wato a wurinta burukutu ya nuna tun bai gama ba. Ni kuma ƙarshen nake nema, shi kuwa kunne ba ya gane shi. Sai da haidiromita, wani siririn gilashi da ke yawo a cikin ruwa. Ruwa zalla 1.000 yake nunawa, sukari na ɗaga lambar. Yayin da yis ke cinye sukarin, lambar na sauka. A zagaye na biyu na tace samfurina, na fara da 1.048, ya sauka zuwa 1.012. Ban yarda ba sai da na ga 1.012 ɗin kwana 3 a jere bai motsa ba. Wannan karon ko kwalba ɗaya ba ta fashe ba.

Ku kuma masu ajiye kunun zaki a gora a hostel saboda tsadar abinci, in kun ga gorar ta kumbura, ko ta yi tsss da kun buɗe, to abin da ke faruwa a randar Mama ne ya soma a ɗakinku. Ku riƙa shanye shi da wuri.

Wata mai zuwa zan kare aikin. A sa ni a addu'a, kuma don Allah kar wanda ya kai wa Baba wannan rubutun.