Furen Hajiya bai mutu ba

Lokacin da Hajiyarmu ta zo nan Legas aka yi mata aikin ido, wata maƙwabciyarmu a Agege ta kawo mata dubiya da fure a cikin 'yar roba. Ganyensa huɗu ne masu kauri, ga dogon kara ɗauke da fararen furanni takwas. Shi ne abu na farko da Hajiya ta gani tas bayan an cire mata bandeji. Ranar da za ta koma Katsina ta ce: "Ba zai jure hanya ba, na bar muku shi amana." Tun daga nan, duk wayar da muka yi sai ta tambayi jikoki, sannan ta tambayi furenta.

Sunansa okid, irin wanda masana ke kira Phalaenopsis, saboda furensa ya yi kama da malam-buɗe-littafi ya baza fukafukai. Asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya ne, wajen Indonesiya da Filifin. Furanninsa kan kai wata biyu zuwa uku, sannan su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mu ba mu san haka ba. Da na ƙarshe ya faɗi sai hankalinmu ya tashi, muka ɗauka yunwa ce da ƙishi. Muka juye shi cikin baƙar ƙasa, muna ba shi ruwa safe da yamma kamar mai renon tumatir.

Cikin mako uku ganye biyu suka yi rawaya. Da muka tono shi, rabin saiwar ta ruɓe tana wari. Ranar Hajiya ta kira, muka ce mata fure yana nan lafiya, muka ajiye waya jikinmu a sanyaye.

Kunya ta sa muka jinkirta, amma dai muka kai shi wurin maƙwabciyar. Ta duba ta ce: "Ai kun binne shi da rai." A daji kan itace yake zama, kamar yadda kauci ke hawa bishiya, sai dai shi ba ya tsotsar komai daga jikinta, riƙo kawai yake yi. Saiwarsa iska take so. Ƙasa tana shaƙe ta, ruwan da ya kwanta kuma yana ruɓar da ita.

Tare muka yi gyaran. Muka goge almakashi da sifirit, muka yanke duk saiwar da ta yi laushi ko ta zama fanko, muka bar masu tauri. Muka samo roba mai huda da yawa, muka cika ta da gutsattsarin ɓawon kwakwa da aka jiƙa kwana biyu ana sauya ruwa, muka haɗa da gawayi. Karan furen ya riga ya bushe, don haka muka datse shi daga gindi. Da yana kore ne, ana iya yanke shi kaɗan sama da gaɓa ta biyu ko ta uku, irin gaɓar rake, wani lokaci ya yi reshe ya sake fure. Amma tsiron da ya galabaita gara a cire masa karan duka, ƙarfinsa ya koma ga saiwa da ganye.

Batun ruwa kuwa, saiwar ce ke faɗa. In ta yi fari-fari kamar azurfa, ƙishi take ji. In kore ce shar, a ƙyale ta. Mu kusan sau ɗaya a mako muke zuba masa, da safe, mu bari ya tsiyaye sarai. Idan ruwa ya shiga tsakiyar ganyen sai mu tsane shi da tsumma, don nan ne ruɓa ke kashe shi gaba ɗaya. Muka aje shi a tagar gabas bayan labule, inda akwai haske amma ranar tsaka ba ta dukansa. Taki na ruwa ne, rubu'in abin da aka rubuta a kwalba, bayan kowane mako biyu.

Wata biyar babu abin gani sai sabon ganye ɗaya da saiwa biyu. A tsakanin nan muka gaya wa Hajiya gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Da kun faɗa tun farko, ai da na sa shi a addu'a."

Zafi mai yawa yana hana shi fitar da kara, sai ya ji sanyi-sanyi na wasu makonni. Da hunturu ya shigo muka riƙa barin tagar a buɗe da dare. A ƙarshen Janairu wani ɗan tsiro ya leƙo daga tsakanin ganye. Saiwa kanta a mulmule yake, wannan kuwa kansa a baje, wato kara ne. Muka ɗaure shi a jikin tsinke, muka daina juya robar don kada ya karkace.

Yanzu toho biyar gare shi, ba ko ɗaya da ya buɗe tukuna. Hajiya ta ce kada a turo mata hoto, da Sallah za ta zo ta gani da idonta. Duk wanda aka ba irin wannan fure ya zube, kada ya jefar, ya fara duba saiwar.