Kwamfutar da aka ba mu kyauta

Da yawa cikinku sun tare mu a taron Tasawa suna tambaya, wai da gaske ne ƙungiyoyin Kona sun samu kwamfuta? Da gaske ne. Bara wani shiri ya ƙare aikinsa, da za su rufe biro sai suka ba haɗakar ƙungiyoyinmu kwamfuta ɗaya ta hannu da injin buga takarda, duka an ɗan mora. Mun ji an yi wa wasunku na Mayahi irin wannan alkawari, shi ya sa muka ce bari mu faɗa muku yadda ta kaya mana.

Kafin ta zo, duk takardar da za mu kai wa magajin gari ko masu tallafi sai an buga ta da faransanci. Mata biyu za su bar aikinsu su hau kabu-kabu zuwa Tasawa, su biya mai bugawa shafi-shafi, in ya ɓata sunan wata kuma sai an sake komawa. Kuɗin nan daga asusu suke fita, daga dala 20 da dala 50 da mata suka tara da ƙuli-ƙuli da fura. Wannan ɗigar ce ta tsaya. Sunayen mambobi, dokokin ƙungiya, wasiƙu, yanzu a gida ake rubuta su, a gyara a natse, wadda za ta kasuwa ta tafi da su cikin kile a fitar mata.

Za ku ce, to ina injin da aka ba ku? Tawadarsa ta ƙare cikin wata guda. Da muka tambayi kuɗin sabuwa, sai muka ga ya fi abin da muke biyan mai bugawa a rabin shekara. Muka lulluɓe shi da zane.

Ita ma kwamfutar ta so ta ci mana kuɗi. Manhajar rubutu da lissafi da ta zo da ita ta saye ce, wata rana ta fara neman a biya lasisi. Har an fara zancen a ɗebi kuɗi a akwati, sai wani malamin lakkol ya ce mu dakata. Ya sa mana wata mai suna LibreOffice, wadda masu yin ta suka bayar kyauta ga kowa, tana aiki da faransanci, ba ta kuma bukatar intanet. Ko dala ba mu biya ba. Abin da ba mu tsira daga gare shi ba shi ne caji. Batirinta ya tsufa, ba ya riƙe wuta, sai a kai ta wajen mai cajin waya da sola. Ga ƙurar hunturu, wadda ba ta san kyauta ba. Yanzu muna ware mata ɗan abu kowane wata, kamar akuyar kiwo.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ranar rabo ya faru, gab da damina, lokacin da kowa ke jiran kuɗin iri. Ɗiyar sakatariyarmu ce ke shigar da zubi a kwamfuta, yarinya mai hankali. Aka karanto cewa wata dattijuwa ta tsallake zubin sati 3. Ta miƙe ta ce: “Ni? Tun da munka fara ban taɓa fashi ba. Ran da anka yi sunan jikana ma na aiko.” Wasu suka fara cewa ai na'ura ba ta ƙarya. Wallahi mu ma shugabanni mun kusa biye musu, don kunyar a ce kayan zamaninmu ya yi kuskure. Muka ce, “Iya, ki yi haƙuri ki zauna, a ɗauko littafi.” Aka buɗe, ga zubinta cif. Yarinyar ce ta zame layi, ta rubuta wa ta ƙasa da ita. Da mun jefar da littafin kamar yadda wasu suka so, da mun ci haƙƙin tsohuwa a gaban jama'a, da kuma ba za ta sake zama kan tabarmarmu ba.

Ku tuna, lokacin da CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, iyayenmu da ka suke riƙe lissafi. Kowa ta san zubin ta kusa da ita, akwati da makulli 3 a hannun mata 3. Da haka tsarin ya bazu har wasu ƙasashe. Kwamfuta kuwa mutum ɗaya ke kallon fuskarta. Don haka muka sa doka: a ƙirga kuɗi da murya a gaban kowa, a rubuta a littafi, daga baya a shigar. Mun kuma sa ƴan mata biyu suna koyo, don in aure ya ɗauke ɗaya kada mu zauna muna kallon na'ura.

In an zo muku da taku, ku kunna ta a gaban mai bayarwa, ku cire waya ku ga minti nawa take yi. Ku tambaya ko manhajar ciki za ta nemi kuɗi gaba, ku tambaya wa zai gyara ta kusa. Injin buga takarda kuwa yana nan ɗakin ma'ajiyarmu cikin zanensa. Ƙungiyar da ke da kuɗin tawada ta aiko a ɗauka.