Makunnin da Na Zalunta

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Na daɗe ina jin wannan karin magana a aji, amma a shagon kawuna da ke Agege na gane ma'anarta, a lokacin dogon hutu na shekarar 2023. Kawu mai gyaran rediyo da talabijin ne, ya haura shekara talatin yana wannan sana'a. Duk hutu nakan je in taya shi aiki, shi kuma ya taimaka mini da kuɗin makaranta.

Wata ranar Laraba sai ga motar ɗaukar kaya ta sauke mana wani abu mai kama da tebur, mai ƙafa huɗu da murfin gilashi. Na'urar wasan finbol ce ta wani mai otal. Ga wanda bai taɓa gani ba, ana harba ɗan ƙwallon ƙarfe ne a kan allo mai gangare, mai wasa kuma yana tare shi da wasu 'yan hannuwa biyu don kada ya faɗa rami. Kamfanin Williams na birnin Cikago a Amurka ne ya ƙera ta, kuma tun 1999 ya daina yin irin waɗannan na'urori. Ke nan abin da ka lalata ba lallai ka samu madadinsa a kasuwar Alaba ba.

Na'urar ba ta da ido. Da makunnai take sanin inda ƙwallo ya bi: duk wurin da ya taɓa akwai ɗan makunni da ke rufewa ya aika saƙo, sai ta ƙirga maki. Idan aka daɗe ana wasa wani makunni bai motsa ba, sai ta rubuta lambarsa a fuskarta, a je a duba. Tamu ta kawo ƙarar guda huɗu: 35 da 45 da 55 da 65.

Ranar Juma'a da safe Kawu ya tafi Alaba sayo kaya, ya ce kada in taɓa kome sai ya dawo, domin da yamma mai otal zai zo. Ni kuwa karambani ya hana ni zama. Na ce ai na'ura ta riga ta faɗi masu laifi, me ake jira? Na ɗaga allon, na laluba na gano makunni na 35, na narke dalmarsa na cire shi, na goge, na mayar tare da ɗan dayod ɗin da ke manne a jikinsa. Na kunna, shiru. Jikina ya yi sanyi, na rufe allon kamar ba abin da ya faru.

Da Kawu ya dawo bayan an sauko daga masallaci, bai ko ɗauki ƙarfen dalma ba. Ƙofar da ake jefa kuɗi ya buɗe, ya danna 'yan maɓallan ciki har ya shiga sashen gwajin makunnai. Ya ɗauki ƙwallon yana gangara shi wuri-wuri, na'ura tana amsawa da ƙara, ban da wuraren nan huɗu. Sai ya ce, "Kai ɗan boko, karanta mini lambobin nan. Me ya haɗa su?" Na ce duk da biyar suka ƙare.

A nan ya zana mini jadawali a bayan kwali, layi takwas a tsaye, takwas a kwance. Ya ce da waya 16 kacal na'urar take sauraren makunnai har 64, domin kowane makunni yana zaune ne a mahaɗar layi biyu. Lambar farko ta layin tsaye ce, ta biyu ta layin kwance. Nan take na tuna jadawalin baƙaƙen da muke zanawa a darasin ilimin furuci. Idan mutum ya kasa furta /b/ da /ɓ/ da /m/ gaba ɗaya, ba za ka tuhumi sautukan ɗaya bayan ɗaya ba, leɓɓansa za ka duba. To haka makunnan nan huɗu, waya ɗaya suke sha.

Na tambaye shi ko babban allon kwamfutar ne ya ƙone. Ya ce ya leƙa tun shekaranjiya, saboda batura uku da ke kansa sukan yi yoyo su cinye hanyoyin wuta, amma ya same shi lafiya. Ban da haka, 15 da 25 suna aiki, kuma a layi ɗaya suke da matattun. Ashe wayar tana tafiya ne daga makunni zuwa makunni kamar carbi, inda ta tsinke, duk na gaba sun mutu. Ya kashe wuta, domin a ƙarƙashin allon akwai wayoyi masu ɗauke da bolt 50, in suka taɓa na makunnai sai a yi asarar da ta fi ta farko. Muka bi farar waya mai ratsin kore, sai ga ta ta ɓalle daga ƙafar wani makunni, girgizar shekaru ta karya ta. Liƙin minti biyu ya gama aikin.

Muka kunna. 45 ya amsa, 55 ya amsa, 65 ya amsa. 35 ya ƙi. Kawu ya haska tocila, ya daɗe yana kallon sabuwar dalmar da ke ƙyalli a wurin, bai ce uffan ba. La'asar ta wuce, mai otal yana hanya. Zuciyata ta raya mini in yi shiru, ai na'ura tsohuwa ce, za a ɗora mata. Amma na san in na yi haka Kawu zai iya ɓata sauran yinin yana neman abin da ni na sani, mutuncin shagonsa kuma shi ne abincinmu. Na ce, "Kawu, ni na taɓa shi." Ya ce, "Na gani. Jira nake in ji ko za ka faɗa."

Dayod dai hanya ɗaya yake barin wuta ta wuce, shi ya sa ake yi masa zobe a gefe guda don a san gabansa. Ni kuwa na juya shi. Makunnin lafiyarsa ƙalau tun farko, ni na kashe shi da sunan gyara. Kawu ya miƙo mini ƙarfen dalma ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Hannuna na rawa na kwatanta da na maƙwabcinsa, na mayar da zoben inda ya dace. Muka gangara ƙwallo, 35 ya amsa.

Mai otal ya zo ya buga wasa uku, ya biya, ya tafi. Har yau kwalin nan yana cikin littafina na ilimin furuci. 'Yan'uwana ɗalibai, idan kurakurai suka taru muku a takarda, ko a fassara ko a nazarin jimla, ku jera su tukuna ku ga abin da ya haɗa su kafin ku ɗauki jan biro. Allah ya sa mu dace, amin.