Seydou Keita: an gano mai ɗaukar hoton, ba a gano masu hoton ba

A shekarar 1991 aka baje kolin ayyukan fasahar Afirka a birnin New York na ƙasar Amurka. Cikin abubuwan da aka rataya har da wasu hotuna masu baƙi da fari daga Bamako. Inda ya kamata a rubuta sunan wanda ya ɗauke su, sai aka rubuta cewa ba a san shi ba. Alhali kuwa a wannan lokaci mutumin yana nan da ransa, dattijo a unguwar Bamako-Kura, kuma babu wani tsohon ɗan birnin da zai ce bai san Seydou Keita ba.

An haife shi a Bamako wajajen 1921. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma da wannan sana'a ya fara. A 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal da ƙaramar na'urar ɗaukar hoto ƙirar Kodak, ya bar masa ita. A 1948 ya buɗe wurin aikinsa a farfajiyar gidansu, kusa da gidan kaso, ba nisa da tashar jirgin ƙasa da ke haɗa Bamako da Dakar. Don haka ban da mutanen gari, matafiya ma sukan biyo ta wurinsa.

Yadda yake aiki shi ne abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa. Hasken rana ya fi so. Kayan aiki suna da tsada a wancan zamani, saboda haka galibi sau ɗaya yake latsa na'ura ga kowane mutum. Dole ne a gama gyara komai kafin a latsa. Da farko zanen shimfiɗar gadonsa ya rataya a bayan masu zama, daga baya ya riƙa canza yadi. Ya kuma tanadi kayan aro: kwat da taye, agogo, alƙalami, tabarau, rediyo, babur ƙirar Vespa, har da motarsa. Magatakarda ya sa kwat ɗin da ba nasa ba, budurwa ta jingina da rediyon da ba ta mallaka ba, uwargida ta kishingiɗa ta baza zanenta yadda kowane zube zai fito.

Mai saurin hukunci zai ce ai wannan ƙarya ce. Ba haka abin yake ba. Kafin irin su Keita, yawancin hotunan baƙar fata da suka isa Turai Nasara ne ya ɗauke su, ya buga a katin wasiƙa, ya rubuta sunan ƙabila a ƙasa kamar ana lissafin dabbobin dawa. A farfajiyar Keita kuwa mutum da kuɗinsa ya zo, shi ya zaɓi tufafinsa, shi ya zaɓi yadda yake so danginsa na ƙauye su gan shi. Agogon na aro ne, amma burin na mai hannun ne.

Bayan Mali ta samu ƴancin kai a 1960, gwamnati ta ɗauke shi aiki a 1962 a matsayin mai ɗaukar hoton hukumar tsaro, wurin aikinsa ya rufe ba da jimawa ba. Ya yi ritaya a 1977. Abu ɗaya bai yi sakaci da shi ba: uwayen hotunan, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa, ya adana dubbansu.

Su ne suka cece shi daga mantuwa. Wani Bafaranshe mai suna André Magnin ya sauka Bamako da kwafin hotunan New York, ya nuna wa Malick Sidibé, wani gwanin na wannan sana'a, shi kuwa yana gani ya gane hannun. A 1994 aka nuna ayyukan Keita a Faris, a shekarar ne kuma aka fara babban taron masu ɗaukar hoto na Afirka a Bamako. Hoton da a da bai wuce tafin hannu biyu ba aka mayar da shi kusan tsawon mutum, attajirai suna saye da kuɗi masu yawa. Inda kuɗi suka shiga gardama ba ta nisa: bayan rasuwarsa a Faris a watan Nuwamba na 2001, an yi ta jayayya a kan wa ke da iko da uwayen hotunan.

Sai dai akwai waɗanda ba a tambaya ba. Keita bai rubuta sunayen masu zuwa wurinsa ba. Matar da ta yi ado domin mijinta ko ƙawarta, ga ta a bangon babban zauren Grand Palais na Faris a 2016, dubban baƙi suna kallonta, a ƙarƙashinta an rubuta shekara kawai, wani lokacin ma shekarar kintace ce. Mai yiwuwa jikokinta suna da ƙaramin hoton na asali a ƙasan akwati, da hatimin Keita a bayansa.