Zambon Rumawa da Shirun Mutanen Runka

In ka ce wa mutumin Batsari "Rumawa", hankalinsa Ruma zai tafi. To, Rumawan da nake nufi a nan na birnin Rum ne, can ƙasar Italiya. Cikin littattafan da wani tsohon malaminmu na Runka ya bar mini akwai wani da gara ta ci bangonsa, wato waƙoƙin zambo 16 na Juvenal, fassarar Ingilishi ta William Gifford, wadda aka fara bugawa a Landan a 1802.

Shi Juvenal ya rayu ne a ƙarshen ƙarni na 1 da farkon na 2 na Miladiyya. Bakinsa akwai kaifi. Bai ƙyale attajiri marowaci ba, bai ƙyale 'yan fada maƙaryata ba, har talakawan da suka saki 'yancinsu saboda hatsin kyauta da kallon wasanni sai da ya taɓa su. Gifford ya sassauta batsar da ke ciki, amma tsoron mawaƙin yana nan daram.

A ƙarshen waƙa ta farko Juvenal ya nuna cewa ambaton mai iko da ransa neman mutuwa ne, don haka matattu zai yi wa zambo. Sarki Domitian, wanda ya yi wa ba'a da cewa ya tara majalisa a kan yadda za a dafa wani ƙaton kifi, sai bayan da aka kashe shi a shekara ta 96 ya sha zambon.

Wannan tsoro na san shi. A 2019 da 2020, lokacin da 'yan bindiga daga Dajin Rugu suka addabi ƙasar Safana da Batsari, na ji dattawanmu a kasuwa suna cewa "mutanen nan", sa'annan su waiga. Kowa ya san wa ake nufi, kowa kuma ya san baki shi ke yanka wuya. Makaɗin fada yakan yi wa abokin hamayyar sarki zambo ne domin yana da inuwar fakewa. Manomin Runka ba shi da ita, sai habaici.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, in muna nazarin zambo kada mu tsaya ga salo kaɗai. Mu tambaya: wa mawaƙin ya tsallake, kuma me ya sa?