Tsaunin Mambila: Jar Ƙasa Mai Zaɓen Tsiro

Matafiyin da ya baro Serti ya wuce Mayo Selbe, zai tarar hanya ta fara murɗewa kamar maciji tana hawa dutse. Kafin ya isa Maisamari sai ya nemi bargo, domin ya hau Tsaunin Mambila na Jihar Taraba, wanda tsayinsa ya kai wajen mita 1,600. Tuddai ne shimfiɗe da ciyawa iyakar ganin ido, shanu suna kiwo, hazo yana sauka har bakin ƙofa. Wannan yanki ya shigo Nijeriya ne bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, babban garinsa kuwa shi ne Gembu.

Baƙo ya ga koren nan sai ya zaci duk abin da aka jefa a ƙasa zai yi albarka. Manomin wurin ya san ba haka ba ne. Ruwan sama mai yawa da yake zuba watanni da dama kowace shekara ya wanke sinadaran kalsiyam da magniziyam, ya bar ƙasar da tsami. Masana suna auna wannan tsami da ma'aunin pH, inda 7 ke tsaka-tsaki. Idan ya sauko ƙasa da 5, sinadarin alminiyam yakan narke ya takure saiwar masara, ta kasa nutsawa neman ruwa. Ƙarfen da ya rina ƙasar ja kuma yakan damƙe fosfaras, ya hana tsiro samu, ko da an zuba takin zamani.

Amma abin da ya cuci masara shi ya rufa wa shayi asiri. A Kakara akwai gonakin shayi jere bisa gangare, an aske kawunansu daidai wa daida. Itacen shayi ya fi son ƙasa mai tsami, tsakanin 4.5 da 5.5, yakan zuƙi alminiyam ya tara a tsofaffin ganyayensa ba tare da ya cutu ba.

Mutanen Mambila ma tun zamanin kakanni suna da tasu dabara. Idan gona ta gaji sukan shuka majimfa, wadda suke kira yom, su bar ta ta huta. A saiwar majimfa akwai ƙananan ƙulli inda wasu ƙwayoyin halitta suke zaune, suna kamo naitirojin daga iska. Ganyenta ya zuba ya ruɓe, ƙarfin gona ya dawo.

Yanzu mutane sun yi yawa, shanu sun yi yawa, hutun gona ya ragu. Inda kiwo da ƙunar daji suka tsananta, wata ciyawa mai ganye kamar gashin tsuntsu, wadda tsami bai dame ta ba, takan mamaye makiyaya, ga shi kuwa guba ce ga dabba. Haka ƙasa mai kyau take ƙara ƙaranci, manomi da makiyayi suna haɗuwa a kwari ɗaya, wani lokaci har da zub da jini, kamar yadda ya faru a 2017.

Wanda ya ratse zuwa kurmin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, ya tona ƙarƙashin itatuwa, zai ga ƙasa baƙa wuluk mai laushi da ruɓaɓɓen ganye. Taku kaɗan a waje, jar ƙasa ce tsirara, zaizaya tana cin ta.