Ƙugiyar da ba ta taɓa ruwa

Akwai wani dattijo a Tumur, cikin gundumar Boso ta jahar Difa, wanda ya yi shekaru yana noman tattasai a bakin Komadugu kafin harin da aka kai wa Boso ranar 3 ga Yunin 2016 ya kore shi daga gonarsa tare da dubban jama'a. Yana nan a daren 12 ga Disambar 2020, lokacin da ƴan Boko Haram suka ƙona kasuwar Tumur da gidaje masu yawa, suka hallaka aƙalla mutum 27. Tun daga nan abin da ke riƙe da gidansa biyu ne: taimakon ƙungiyoyin agaji, da ɗan abin da ɗansa ke aikowa daga Difa ta salula.

Wata ranar kasuwa salular ta yi ƙara. Mai kiran ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi iyali, sannan ya ce: «Baba, daga ofishin agaji nike. Sunanka ya fito, jika 60 ne rabonka, amma yau ake rufe rajista.» Dattijon bai iya karatun boko ba, sai ya kira jikansa ɗan lakwal. Aka yi ta gaya wa yaron lambobin da zai danna, daga ƙarshe aka ce ya sa lambar sirri domin kuɗin su shigo. Yaron ya ɗan tsaya, ya ce: «Kaka, ai wannan wurin aikawa ne.» Dattijon ya ce ya yi abin da manya suka ce. Kafin la'asar jika 35 da ɗansa ya aiko na hatsi sun tafi, lambar da ta kira kuma a kashe take.

Faransawa na kiran wannan damfara hameçonnage, wato kamun ƙugiya, kuma mutumin Komadugu ba ya bukatar a yi mashi fassara. Masunci ba ya bin kifi da gudu. Yakan sa abin da kifin ke yunwarsa a bakin ƙugiya, ya zauna. Haka ɗan damfara ke ara sunan wanda aka yarda da shi, kamfanin waya ko banki ko ƙungiyar agaji, har mutum ya miƙa sirrinsa da hannunsa.

Da labarin ya fita, wasu suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Maganar ba ta yi wa dattijon adalci ba. Mutumin da aka rubuta sunansa a takardun agaji sau da yawa, kuma wani lokaci taimakon ya iso da gaske, ba shi da dalilin ƙaryata kiran da ya yi kama da waɗancan. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne mai jira: ɗan gudun hijira mai jiran rabo, uwa mai jiran saƙon ɗanta, tsoho mai jiran fansho. Sai wanda saƙo ke zo mashi da Faransanci alhali Barbarci ko Fulatanci ko Hausa yake ji, dole ya ba wani salularsa a karanta mashi, wani lokaci har da lambar sirrin.

Masu ilimi ma ba su tsira ba, tasu ƙugiyar ce dabam. A garin Difa, matashi mai takardar digiri yakan samu sanarwar ɗaukar aiki ta WhatsApp da tambarin wata babbar ƙungiya, a nemi hoton katinsa na ɗan ƙasa da kuɗin ajiye takardu. Ɗan kasuwar tattasai yakan ga saƙo cewa kuɗi sun shigo mashi, sai wani ya kira yana roƙo, wai kuskure ya yi, a maido mashi. Saƙon na jabu ne, abin da za a maido kuwa daga aljihun mai tausayi zai fita. Malamin makaranta kuma a ce ya karanto lambobi 6 da suka shigo mashi, da su ake ƙwace WhatsApp ɗinsa, a riƙa roƙon abokansa rance da sunansa.

Kariyar ba ta da tsada. Lambar sirri tamkar makullin rumbu ce: babu kamfanin waya ko banki da ke tambayarta, kuma ba a bukatarta don karɓar kuɗi, sai don fitar da su. Taimakon agaji kyauta ne, duk wanda ya nemi ko dala kafin ya sa suna ɓarawo ne. In saƙo ya ce kuɗi sun shigo, mutum ya duba asusunsa da kansa kafin ya maida komi. In an ce ɗan'uwa na cikin matsala, a kashe, a kira lambarsa da aka sani. Gaggawa ita ce babbar alama, domin mai gaskiya ba ya tsoron a ce mashi sai gobe, sai an tambayi mai gari ko wakilin kamfani na kasuwa. Wanda ba ya karatu ya zaɓi mutum guda amintacce cikin gida, kuma kada lambarsa ta zama 1234 ko shekarar haihuwa.

Wanda aka cuta kuma ya yi magana. Nijar na da doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yulin 2019 da ke hukunta laifukan intanet, amma jandarma ba su bin sawun abin da ba a kai masu ba. Dattijon Tumur ya yi mako biyu yana ɓoye wa ɗansa saboda kunya, cikin makonnin nan kuwa an kira maƙwabtansa da irin wannan murya.

Yanzu in baƙuwar lamba ta kira shi da albishir, yakan saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce zai zo ofis da ƙafarsa. Jikan kuma ya samu izini: duk ranar da ya ga wurin aikawa ne, ya faɗa da ƙarfi, ko da manya na magana.